Talo-talon Daji na Amurka da Masu Farautarsa

A ƙasar Amurka akwai wata al'ada ta mutanen karkara. In sanyi ya wuce, itatuwa suka fara toho, watau wajen watan Afrilu da Mayu, sai uba ya tashi ɗansa ko 'yarsa tun da sauran dare, su ɗauki bindiga su nufi daji farautar talo-talo. Mai karatu ya yi mamaki, don mu nan ba mu san talo-talo ba sai a gida, yana yawo cikin kaji da agwagi. Amma can asalinsa tsuntsun daji ne, kamar yadda zabo ya ke a wurinmu, akwai na gida akwai na dawa. Wannan fita ta uba da ɗa kuwa saura kaɗan ta gushe daga duniya, gama an yi zamanin da tsuntsun ya kusa ƙarewa ƙaf. Ga yadda abin ya faru.

Tun kafin Turawa su san da akwai Amurka, mutanen ƙasar na asali, waɗanda Turawa suka laƙaba wa suna Indiyawa, suna farautar talo-talo. Su kan ci namansa, su yi riguna da gashinsa, su liƙa fiffikensa a gindin kibiya don ta tafi sambal. Da ƙasusuwan fiffikensa kuma su kan haɗa wata 'yar sarewa, in an tsotse ta sai ta yi kuka kamar na macen talo-talo. Mutanen Meksiko su ne suka mai da shi tsuntsun gida. Daga wurinsu mutanen Sifen suka ɗauke shi suka kai Turai bayan shekara ta 1500, daga Turai ya bazu cikin duniya har ya iso mana. Ashe talo-talon da ke tsakar gidanka jikan na Meksiko ne.

Sa'ad da Ingilishi suka fara zama a gabashin Amurka, sun tarad da daji cike da shi. William Bradford, gwamnan waɗanda suka sauka Plymouth, ya rubuta cewa a kakar 1621 sun sami talo-talon daji da yawa. Amma yawan abu shi kan sa a raina shi. Baƙin nan suka dinga sare kurmi suna yin gonaki, suka hana tsuntsun wurin kwana da 'ya'yan itatuwan da ya ke ci. Maharba kuma ba su da doka. Su kan zuba masara a ƙasa, in garke ya taru su buɗe masa wuta. Su kan bi su da dare bisa itatuwan da su ke kwana su kakkaɓo su, su ɗora a keken doki su kai kasuwa. Ba ruwansu da mace mai kwanci, ba ruwansu da tsaki.

Kwaɗayi mabuɗin wahala. A jihar Connecticut ba a ƙara ganin talo-talon daji ba bayan 1813. A Massachusetts, inda Bradford ya yi ta yabon yawansa, an harbe na ƙarshe a 1851. Ya zuwa 1920, cikin jihohi 39 da ke da shi a da, ya ɓace a 18. Wajen 1930 masu lissafi suka ƙiyasta abin da ya rage, wasu suka ce dubu 30, wasu suka ce ya kai dubu 200, duk sun maƙale a cikin fadamu da duwatsu inda mutum ba ya iya kaiwa da sauƙi. Yara da yawa suka girma ba su taɓa jin kukansa ba, sai labari a bakin kakanni.

Da maharba suka ga abin da hannunsu ya jawo, sai suka koma neman gyara. A 1900 Majalisar Amurka ta kafa dokar da a ke kira dokar Lacey, ta hana a ɗauki naman dajin da aka kashe ba bisa ƙa'ida ba daga wata jiha a kai wata. Wannan ya karya masu farautar kasuwa. A 1937 kuma Shugaba Franklin Roosevelt ya sa hannu a wata doka mai sunan 'yan majalisa biyu, Pittman da Robertson. Dokar ta ce harajin da a ke karɓa kan bindigogin farauta da harsasai a raba wa jihohi, su sayi daji, su ɗauki ma'aikata masu ilmin dabbobi. Watau maharbi da kansa shi ke biyan kuɗin rayar da abin da ya ke harbi. A shekarun nan kuma manoma da yawa suka bar gonaki suka tafi birane saboda tsananin talauci, gonakin suka koma kurmi.

Daji ya samu, saura tsuntsu. Da fari ma'aikata suka ce a ƙyanƙyashe ƙwai a keji, in tsakin sun girma a sake su. Aka kashe kuɗi masu yawa, aka saki dubbai, amma kusan duk suka mutu. Dalili kuwa shi ne, tsakon da bai tashi a bayan uwarsa ba, bai san shaho ba, bai san yanyawa ba, bai san inda a ke kiwo ko itacen da a ke kwana ba. Wayon daji ba a cikin ƙwai ya ke duka ba, uwa ce ke koyar da shi.

Sai aka gane dole a kamo na daji da rai a kai su inda babu. Amma yaya za a kama tsuntsun da ke da ido kamar na mikiya, ga gudu, ga tashi? A 1951, a jihar Carolina ta Kudu, wani ma'aikaci mai suna Herman Holbrook ya gwada wata dabara. Ya zuba hatsi, ya naɗe babban taru a gefe, ya ɗaura bakinsa ga waɗansu 'yan ƙananan igwa, ya ɓuya. Da tsuntsayen suka taru suna ci, sai ya tashi igwa, taru ya baje ya rufe su. Dabarar ta ci, jihohi suka ɗauka. A 1972 da 1973 aka kamo guda 37 daga jihar New York aka sake su a yammacin Massachusetts. Suka hayayyafa, har a 1980 aka sake buɗe farautarsu a jihar, bayan shekara fiye da 120 da ɓacewarsu. A 1973 maharba suka kafa ƙungiya ta ƙasa duka don taimakon wannan aiki. A lokacin an ƙiyasta tsuntsayen sun kai miliyan 1 da dubu 300. Bayan shekara ta 2000 suka kusa miliyan 7, ana samunsu a kowace jiha ban da Alaska.

To, mu koma ga uban nan da ɗansa. Jihohi da yawa sun keɓe wa yara kwana ɗaya ko biyu kafin a buɗe wa manya, da sharaɗin yaro ya fita tare da babba. Su kan isa daji kafin gari ya waye, su zauna su jingina da gindin itace mai kauri, wanda ya fi kafaɗunsu faɗi. Ba a sa tufa mai ja ko fari ko shuɗi, gama su ne launin kan namijin talo-talo, kada wani maharbi ya ruɗe. Da alfijir ya keto sai a ji namiji ya rangaɗa kuka daga bisa itace. Uban ya ɗauko wani ɗan akwatin katako ya goga murfinsa, ya ba da kukan mace. In an yi sa'a namijin ya sauko, ya taho yana kumbura, ya baza jela, yana jan fiffike a ƙasa.

Nan ne karatun ya ke. Yaro na rawar jiki, ya raɗa, "Baba, in harba?" Uban ya ce, "Dakata tukuna, sai ka ga gemunsa." Don a wannan lokaci na shekara doka ba ta yarda a harbi kowane ba sai mai gemu, watau tukkun gashin nan da ke rataye a ƙirjin namiji. Mata an bar su su yi kwanci. Ba a harbin motsin ganye, ba a harbin abin da aka ji ba a gani ba, ba a kuwa harbi sai tsuntsu ya matso kamar yadi 40, don kada a raunana shi ya je ya mutu a banza. A jihohi da dama ɗaya ko biyu ne rabon mutum a wannan lokaci duka. Sau da yawa kuwa yaro ya ɗan motsa gwiwa, tsuntsu ya gani ya bushe da gudu, su koma gida hannu rabbana. Uban kirki ba ya faɗa, don ya sani zaman nan na awa uku ba motsi shi ne rabin abin da ya kawo yaron ya koya.

Kada a ce aiki ya ƙare. A 'yan shekarun nan yawan tsuntsayen ya sake raguwa a jihohi da dama, musamman na kudu maso gabas, har waɗansu suka rage kwanakin farauta da yawan abin da a ke yarda mutum ya kashe. Abin da aka samu da wuya yana iya kuɓucewa da sauƙi.

Mu ma muna da zabin dawa da fakara da gada, dattawanmu kuwa suna ba da labarin dazuzzukan da a da ke cike da nama, yanzu sai gonaki. Gani ga wane ya isa wane tsoron Allah. Wanda ya koya wa ɗansa harbi, ya kamata ya koya masa lokacin da a ke sauke bindiga, don shi ma wata rana ya sami abin da zai nuna wa nasa ɗan. Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi.