Tarihin AZT, Maganin Farko da Aka Samu na Danne Ƙanjamau

A cikin magungunan da a ke sha domin danne ƙwayar cutar ƙanjamau, watau cutar nan mai karya garkuwar jiki wadda mutanen Nijar ke kira sida, babu wanda ya riga AZT fitowa, babu kuma wanda aka yi jayayya a kansa kamarsa. Sunansa a wurin likitoci zidobudin. Sau uku mutane suka yanke masa hukunci, sau ukun kuwa ba su dace da gaskiya ba. Da farko aka jefar da shi wai ba shi da amfani, daga baya aka ɗauka shi ne waraka, sa'an nan aka koma ana cewa dafi ne kurum. Sai da ya shekara talatin kafin a gane matsayinsa na ainihi.

Asalinsa ba domin ƙanjamau aka yi shi ba, gama a lokacin ba wanda ya san da cutar. A 1964 wani masanin harhaɗa magunguna mai suna Jerome Horwitz ya haɗa shi a birnin Detroit na Amurka, yana neman abin da zai tsai da ciwon daji. Da aka gwada shi a jikin ɓeraye sai bai yi kome ba, Horwitz ya ajiye shi, ko takardar mallakarsa bai nema ba. A 1974 Wolfram Ostertag ya nuna a Jamus cewa maganin yana hana wata ƙwayar cuta ta ɓeraye hayayyafa, amma da ya ke ba a san irinta a jikin mutum ba tukuna, sai magana ta kwanta.

A watan Yuni na 1981 likitocin Amurka suka ba da labarin sabuwar cutar, a 1983 kuma masanan Cibiyar Pasteur ta Paris suka gano ƙwayar da ke kawo ta. Ashe dangin waccan ta ɓeraye ce. Sai kamfanin Burroughs Wellcome ya shiga tonon tsofaffin magungunansa yana gwadawa, ya aika da waɗanda ya ga alamarsu zuwa Cibiyar Ciwon Daji ta gwamnatin Amurka. A can ne Samuel Broder da Hiroaki Mitsuya suka tabbatar, a Fabrairu 1985, cewa AZT yana tare ƙwayar cutar a cikin kwalbar gwaji.

Yadda ya ke aiki kuwa shi ne: ƙwayar cutar ba ta iya haihuwa da kanta, sai ta shiga fararen ƙwayoyin jini masu tsaron jiki, ta ƙera sarƙar halittarta a ciki, zobe bayan zobe. AZT ya yi kama ƙwarai da ɗaya daga cikin zobban nan, sai dai ba shi da ƙugiyar da na gaba zai maƙale. In ƙwayar cutar ta ruɗu ta ɗauke shi, to, sarƙa ta yanke ke nan.

A Fabrairu 1986 aka fara babban gwaji da majinyata 282. Aka ba 145 maganin, sauran 137 aka ba su kafso marar magani a ciki, ba tare da majinyaci ko likitansa ya san wanda aka ba shi ba. Kafin Satumba mutum 19 sun rasu a cikin kashi na biyu, mutum ɗaya rak a cikin na farko. Ganin haka aka tsai da gwajin aka ba kowa maganin, domin ba daidai ba ne a ci gaba da hana waɗansu. A Maris 1987 hukuma ta yarda a sayar da shi da sunan Retrovir, wata 25 kacal bayan gwajin kwalba. Sauri irin wannan ba a saba ganinsa ba.

Murna ba ta daɗe ba. Kamfanin ya sa kuɗinsa wajen dala 10,000 a shekara ga mutum ɗaya. A wannan watan ne aka kafa ƙungiyar ACT UP a Niyok, ta majinyata da masu goyon bayansu, ta yi ta zanga-zanga, har a Satumba 1989 waɗansu 'yan ƙungiyar suka ɗaure kansu da sarƙa a cikin kasuwar hannun jari ta birnin. Bayan 'yan kwanaki kamfanin ya rage kashi 20 cikin 100. Ban da tsada ga wahalar sha, gama kowane awa huɗu a ke haɗiyarsa, dare da rana, har mutane na yawo da agogo mai ƙara. Yawan da a ke sha kuwa yana taɓa ɓargo, jini ya ragu, da yawa sai da aka yi ta yi musu ƙarin jini.

Abin da ya fi waɗannan muni shi ne wayon ƙwayar cutar. Tana haihuwa da yawa, tana kuma canza kama a kai a kai, saboda haka a cikin zuriyarta ba a rasa wadda ta iya bambanta zoben gaske da na jabu. Ita ce ke tsira ta cika jiki. A 1989 aka tabbatar da wannan. Sa'an nan gwajin Concorde, wanda aka yi a Ingila da Ailan da Faransa da mutum 1,749, ya nuna a 1993 cewa ba wa mutum AZT shi kaɗai tun bai kwanta ba ba ya ƙara masa kwana. Daga nan da yawa suka juya masa baya.

Shekara guda bayan haka al'amari ya sake. A 1994 aka gama wani gwaji a Amurka da Faransa, inda aka ba mata masu ciki maganin, aka sa musu shi ta jijiya wajen naƙuda, aka kuma ɗura wa jariri na ruwa har mako shida. Yaran da suka ɗauki cutar suka sauko daga kashi 25.5 cikin 100 zuwa 8.3. Wannan ne karo na farko da magani ya tare cutar tsakanin uwa da ɗa. A 1996 kuma, a babban taron Vancouver na Kanada, aka bayyana cewa in an haɗa magani uku masu tare hanya daban daban, ƙwayar cutar ba ta samun mafita. AZT na cikin haɗe-haɗen nan. Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi.

Amma Afirka, inda cutar ta fi ɓarna, sai da ta yi jira. A Fabrairu 2001 kamfanin Cipla na Indiya ya yi tayin haɗin magani uku a kan dala 350 a shekara, a Afrilu kuma kamfanoni 39 suka janye ƙarar da suka kai gwamnatin Afirka ta Kudu a kan shigo da magani mai araha. Nijeriya, wadda ta fara ba da labarin cutar a 1986, ta buɗe shirinta na ba da magani a 2002 a asibitoci 25, da nufin kai wa manya 10,000, ya zama kyauta a 2006. Takardar mallakar AZT ta ƙare a 2005, kowa ya sami ikon yin sa. Da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2009 a daina sitabudin saboda illarsa, AZT na cikin biyun da ta ce su maye gurbinsa.

Yau an sami waɗanda suka fi shi sauƙi. Tun 2019 haɗin da ke da dolutegirabi, ƙwaya ɗaya a yini, shi ne hukumar ta fifita ga masu fara sha. AZT ya koma baya, ana ajiye shi domin wanda haɗin farko ya ƙi, da kuma waɗansu jarirai. Bai taɓa warkar da kowa ba, har yanzu kuma wanda ya fara shan irin waɗannan magunguna ba ya dainawa. Abin da ya yi shi ne ya nuna cewa ana iya tare ƙwayar cutar, ya kuma riƙe waɗansu majinyata da rai har abokan aikinsa suka iso.