Fitilar Majami'ar Fisa da Fadan da Ya Sake Ƙirgawa

Labarin agogon lilo a majami'a ake cewa ya faro. Almajirin Galileo mai suna Viviani ya rubuta cewa malaminsa, tun yana saurayi, ya zuba wa wata fitila ido tana lilo a babbar majami'ar Fisa ta Italiya, yana auna ta da bugun jininsa. (Ba mu ce mu ma mu bar wa'azi mu koma kallon fanka ba.) A wasiƙarsa ta 1602 Galileo ya ce ko lilo ya yi faɗi ko ya ƙanƙance, lokacin zuwansa da dawowarsa ɗaya ne.

Maganar ta kusa gaskiya, amma ba ta cika ba. Wajen 1636 wani fada ɗan Faransa, Marin Mersenne, ya rataya abu mai nauyi a igiya ya ƙirga da kansa, sai ya ga babban lilo yana ɗan jinkiri. Muna ganin wannan hali irin na mutanen Biriya ne a Ayyukan Manzanni sura 17, waɗanda suka saurari Bulus da murna, duk da haka suka riƙa bincika Nassi kullum. Girman Galileo bai hana Mersenne dubawa ba, dubawar kuma ba raini ba ce.

Jinkirin nawa ne? In aka ja lilo digiri 23 daga tsakiya, lokacinsa yakan ƙaru da kusan kashi 1 cikin ɗari. Kamar ba komai, amma a agogo wannan minti 14 ke nan kowace rana. In aka kai shi digiri 90, ƙarin ya kai kashi 18.

Wannan ya dami Christiaan Huygens na Holan, wanda ya ƙera agogon lilo na farko a 1656, domin lilonsa yana buɗewa sosai. Ya sa lanƙwasassun ƙarafa biyu a gefen igiyar don su gyara tafiyarta, ya kuma buga lissafinsa a 1673. Lissafin daidai ne, sai dai ba shi ya raba gardama ba. Wajen 1670 maƙeran agogo a Ingila suka fito da wani maƙalli mai siffar anka wanda ya rage lilon zuwa digiri 4 zuwa 6. A wannan ɗan taƙi jinkirin ƙanƙane ne ƙwarai, shi ya sa dogayen agogunan katako suke lilo a hankali, cikin akwati siriri.