Lifidi, Aikin Allura a Fagen Fama

Tarihin Kano ya nuna Sarki Kanajeji ɗan Yaji, wanda ya yi sarauta daga 1390 zuwa 1410, shi ne ya fara kawo lifidi da kwalkwali da sulke a ƙasar Hausa. Dalili kuwa, yaƙinsa da Umbatu ya cinye masa mutane da yawa.

Kwalkwali da sulke aikin ƙarfe ne, amma lifidi na maɗinki ne. Akan shimfiɗa ƙyalle biyu, a cusa audugar rimi tsakaninsu, a bi da basilla da zare mai kauri ana ɗinkewa layi layi, don kada audugar ta tattaru wuri guda. Aikin ya fi ƙarfin mutum ɗaya. Mata su kaɗa zare da mazari, yara su tsince ƙwaya daga auduga, maigida na riƙe da basilla, ɗansa na ja masa ƙyalle. Ha'inci a nan babban laifi ne, gama inda aka yi ƙwauron auduga, nan kibiya mai dafi za ta shiga. In kuwa ɗinki ya yi kyau, sai ta maƙale, ba ta taɓa doki ba balle mahayi.

Lifidi yana da aibinsa. Nauyi ya hana doki sukuwa, ga shi ba ya shiri da wuta. Da Turawa suka ci Kano da Sakkwato a 1903, aka ga auduga ba ta tare harsashi. Yanzu sai ran hawan Salla ake ganin 'yan lifida, suna tafe a ayarin Sarki.