Laima a makewayi da madafar gidan laka

Ba ruwan damina kaɗai ke kayar da katangar laka ba. A gidajen ƙasa, irin na unguwar Birni a Damagaram, ɓarna takan fara daga makewayi da madafa, inda ruwa ke zuba kullum a gindin bango. Laka ta sha ruwa ta yi laushi, nauyin rufi ya ƙarasa ta.

Alamomin a fili suke: gindin bango ya yi duhu, farin gishiri ya fito, yaɓe ya riƙa ɓamɓarewa, gara ta samu hanya.

A makewayi, magina sukan daɓe ƙasa da siminti, su karkata daɓen zuwa magudana. Ruwan ya bi tiyo zuwa ramin da aka cika da tsakuwa, nesa da katanga da rijiya. Inda ruwan wanka ke fantsama, ana ɗaure gindin bangon da dutse ko bulo.

Shafe bangon laka gaba ɗaya da siminti kuwa yakan jawo matsala, domin laima takan maƙale a ciki, lakar ta lalace ba a gani ba. Yaɓen gargajiya, kamar makuba ta ɓawon ɗorawa da laso na katsin marina, yana tare ruwa, yana kuma barin bango ya bushe.

A madafa, randa tana tsatsar ruwa, don haka ana ɗora ta kan tsakuwa, a janye ta daga jikin bango. Ƙaramar taga a sama tana fitar da tururi da hayaƙi.

Lokacin gyara shi ne rani, kafin ruwan farko na Mayu ko Yuni, sa'ilin da laka ke bushewa har cikinta.