Iyaka da Rinjaye a Siyasa: Nazari a Kan Tarihin Tibi

Gabatarwa

Galibi akan ɗauka cewa yawan kawuna ne kaɗai ke mayar da wata al'umma mai rinjaye, wata kuma 'yar tsiraru. Wannan takarda za ta dubi tarihin Tibi domin nuna cewa inda aka shata iyakar mulki shi ne ke yanke wannan hukunci.

Tibi a Jihar Arewa

Tsarin mulkin 1954 ya kafa tarayya mai jihohi uku, kowace da babbar ƙabilar da ke jan ragamarta. Tibi suna cikin manyan al'ummomin Nijeriya, amma da yake an saka su cikin Jihar Arewa, inda jam'iyyar NPC ke mulki, sai suka zama tsiraru. A shekarar 1957 Turawa suka naɗa Hukumar Willink domin ta binciki fargabar irin waɗannan al'ummomi. Rahotonta na 1958 bai goyi bayan ƙirƙiro sababbin jihohi ba, sai dai ya ba da shawarar a sanya 'yancin ɗan Adam cikin tsarin mulki. Wannan bai gamsar da jam'iyyar UMBC ta Joseph Tarka ba, wadda ke neman a ware wa yankin tsakiya jiharsa. Tarzoma ta ɓarke a ƙasar Tibi a 1960 da kuma 1964, aka yi asarar rayuka da dukiyoyi.

Bayan Ƙirƙiro Jihohi

A 1967 Gowon ya raba ƙasar zuwa jihohi 12, Tibi suka faɗa Binuwai-Filato. A 1976 Murtala ya ƙirƙiro Jihar Binuwai, sannan a 1991 aka mayar da Igala cikin Jihar Kogi. Nan fa reshe ya juye da mujiya. Tun daga Aper Aku a 1979, duk gwamnan farar hular da aka zaɓa a Binuwai ɗan Tibi ne, har Idoma suka shiga kukan danniya da neman Jihar Apa, irin kukan da Tibi suka yi a dā. A maƙwabciyarta Taraba kuwa, Tibi tsiraru ne, kuma sun sha gwabzawa da Jukunawa a yankin Wukari kan gonaki da matsayin zama 'yan ƙasa.

Kammalawa

Al'umma ɗaya ce, amma ta ɗanɗana matsayi biyu, gwargwadon inda iyaka ta ratsa. Saboda haka ƙirƙiro jiha ba ya kawar da matsalar tsiraru, sauya mata masauki kawai yake yi. Maganinta yana ga adalcin wanda rinjaye ya faɗo hannunsa.