Daga Kuza zuwa Zumurrudu: Asalin Haƙar Duwatsu a Maƙwabtan Abuja

Tun da ministan ma'adinai Dele Alake ya ƙaddamar da dakaru na musamman a Abuja cikin Maris na 2024 don farautar masu haƙa ba da izini ba, ake ta nanata cewa baƙi ne suka koya wa mutanenmu wawashe duwatsu masu daraja. Ni dai ban yarda ba.

Haƙa tsohuwar sana'a ce a wannan yanki. Ana narka kuza a Ririwai tun kafin zuwan Turawa, su kuma da suka zo sai suka mamaye tsaunukan Jos, dokarsu ta 1946 ta ce duk abin da ke ƙarƙashin ƙasa na hukuma ne.

A ganina, 1985 ce mafarin labarin. A shekarar farashin kuza ya faɗi warwas a kasuwar duniya, aka yi ta sallamar leburori, a 1986 kuma tsarin tsuke bakin aljihu na Babangida ya ƙarasa su. Mutumin da ya tashi da diga da shebur, ya iya tankaɗe tsakuwa a rafi, ina zai nufa? Sai ya bi jijiyar dutse: zumurrudu a Gwantu da Nasarawa Eggon, tomalin a kewayen Keffi da ke ƙofar Abuja, shuɗin yaƙutu a ƙasar Jama'a, daga baya har tsaunin Mambila. Fataken Senegal da Mali da Gini sun zo da kuɗi a jaka, gaskiya ne, dutsen ya bi ta hannunsu zuwa Bankok inda ake yanka shi a goge. Amma sun tarar da ramuka da mahaƙa ne, ai sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Abin takaicin, mun gaji dokar Turawa ba mu taɓa tushenta ba. Tsarin mulkin 1999 da dokar ma'adinai ta 2007 sun bar mallakar a hannun Gwamnatin Tarayya, lasisi kuma sai daga ofishinta mai hedikwata a Abuja. Manomin da ya tono dutse a gonar kakansa mai laifi ne, don haka a ɓoye yake sayarwa, dillali kuma ya yanka masa farashin da ya ga dama.

Kafin a ƙara tura dakaru, a kai lasisi da cibiyoyin saye bakin rami.