Zaɓen Shugaban Ƙasa na 1979 da Ƙuri'un Jihar Kano

Ranar 11 ga Agusta, 1979, aka yi zaɓen shugaban ƙasa mai cikakken iko na farko a tarihin Nijeriya, bayan shekara goma sha uku ana mulkin soja. Mutum biyar suka tsaya takara. Alhaji Shehu Shagari na jam'iyyar NPN ya sami ƙuri'a 5,688,857. Cif Obafemi Awolowo na UPN, 4,916,651. Dakta Nnamdi Azikiwe na NPP, 2,822,523. Malam Aminu Kano na PRP, 1,732,113. Sai Alhaji Waziri Ibrahim na GNPP, 1,686,489.

Yawan ƙuri'a kaɗai bai isa ba. Doka ta ce lalle ne mai nasara ya sami kashi ɗaya bisa huɗu na ƙuri'un da aka jefa a kashi biyu bisa uku na jihohin ƙasar, waɗanda a lokacin goma sha tara ne. Shagari ya cika wannan sharaɗi a jihohi goma sha biyu. Ta goma sha uku ita ce Kano, wadda a sa'an nan ta haɗa da Jigawa ta yau, a nan kuwa kashi 19.94 bisa ɗari ya samu. Fiye da kashi 76 sun tafi ga Malam Aminu.

Dalilin haka yana cikin karkara. Tun kafuwar NEPU a 1950 ake wa talakawa wa'azin siyasa kan haraji da jangali da zaluncin masu sarauta. Manoman ƙasar Rano, ɗaya daga cikin Hausa Bakwai, da na Kibiya maƙwabtansu, ba su bukatar a fassara musu wannan wa'azi, domin hakimi da dagaci suke gani kowace shekara idan lokacin biyan haraji ya zo. Ƙuri'un irin waɗannan gundumomi ne suka taru suka hana NPN rubu'in Kano.

Daga nan lissafi ya koma hannun lauyoyi. Richard Akinjide, lauyan NPN, ya ce kashi biyu bisa uku na goma sha tara shi ne goma sha biyu da biyu bisa uku, saboda haka abin da ake nema a Kano ɗaya bisa shida ne kurum. Hukumar zaɓe ta FEDECO ta karɓi wannan fassara. Awolowo ya kai ƙara, amma ranar 26 ga Satumba Kotun Ƙoli, ƙarƙashin Mai Shari'a Atanda Fatai-Williams, ta tabbatar wa Shagari, ko da yake Mai Shari'a Kayode Eso bai yarda ba. Janar Obasanjo ya miƙa mulki ranar 1 ga Oktoba.

A gida kuwa, Gwamna Abubakar Rimi na PRP ya soke haraji da jangali, a 1981 kuma ya ɗaukaka Rano ta zama masarauta, matakin da aka warware a 1983. A wannan shekarar Malam Aminu ya rasu, sojoji kuma suka kifar da Jamhuriya ta Biyu.

Abin lura ga ɗalibi da ma'aikaci shi ne: dokar da aka rubuta ba tare da an auna ta da yawan jihohi ba, ita ta sa kujerar shugaban ƙasa ta rataya a kan lissafin ƙuri'un manoman Kano.